Sukur, Ƙauyen da Ke Kan Dutse: Tambayoyi da Amsoshi

Duk sa'ad da aka ambaci Sukur a gaban Bahaushe, tambayar farko ita ce, "A wace ƙasa take?" Idan aka ce masa a Najeriya ce, kuma ita ce wuri na farko a ƙasar nan da ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya, sai ya riƙe baki. Wannan rashin sani yana damuna, domin ƙauyen nan bai cancanci a manta da shi ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa, da amsoshinsu.

A ina Sukur take?

Tana cikin Ƙaramar Hukumar Madagali, a can ƙuryar arewacin Jihar Adamawa, a kan duwatsun Mandara waɗanda suka raba Najeriya da Kamaru. Daga Yola tafiyar kusan kilomita 290 ce. Ana bi ta Gombi da Hong, a wuce Mararrabar Mubi da Michika, a kai Gulak, hedikwatar ƙaramar hukumar, sannan a saki kwalta a nufi gabas wajen gindin dutse. Asalin garin yana bisa wani faffaɗan tudu da ya haura mita 1,000 sama da teku. Daga can sama mutum yana hango filayen ƙasar Margi shimfiɗe ta yamma, ta gabas kuma duwatsu ne bayan duwatsu har cikin Kamaru.

Yau Sukur kashi biyu ce. Akwai Sukur Sama, inda fadar sarki da tsofaffin unguwanni suke, akwai kuma Sukur Ƙasa, wato ƙauyukan da suka tsiro a gindin dutsen bayan mutane sun fara saukowa. Jama'a ɗaya ce, sarki ɗaya, harshe ɗaya.

Sukur ake cewa ko Sakun? Wane harshe suke yi?

Sukur shi ne sunan da na waje suka san su da shi, kuma shi ya shiga takardun gwamnati. Su kansu Sakun suke kiran garinsu da harshensu. An ƙiyasta masu jin harshen sun kai kimanin 15,000. Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, harshen Sakun ɗan'uwan Hausa ne na nesa. Dukkansu 'yan gidan harsunan Chadi ne, sai dai Hausa tana reshen yamma, Sakun kuma tana reshen tsakiya tare da Margi da Bura da Kamwe. Bahaushe ba zai ji abin da suke faɗa ba, amma tushe ɗaya ne. Da yawa daga cikinsu suna jin Hausa, saboda ita ce harshen kasuwa a yankin, wasu kuma har da Fulatanci.

Me ya kai mutane zama a kan dutse alhali ga fili a ƙasa?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce tsoro: wai maharan bayi ne suka kora su sama. Akwai gaskiya a ciki. Shekaru ɗaruruwa duwatsun Mandara suna kewaye da dauloli masu dawaki, Borno ta arewa, Wandala ta arewa maso gabas, daga baya kuma Fulanin Adamawa. Doki kuwa ba ya son dutse. Wanda ya hau sama ya tsira daga abubuwa da yawa.

Amma a ce tsoro kaɗai ne, an tauye wa mutanen nan haƙƙinsu. Dutsen yana da abin da filin ba shi da shi. Ruwan sama ya fi sauka a can, iska ta fi sanyi, sauro bai kai na fadama ba. Sama da duka, akwai tama a cikin yashin ƙoramu, akwai kuma itacen yin gawayi. Mutanen Sukur ba 'yan gudun hijira ba ne da suka raɓe a bayan duwatsu suna jiran ƙura ta lafa. Sun zauna, sun gina, sun yi arziki, har fatake suna hawowa neman abin hannunsu.

Yaya ake noma a kan dutse?

Nan ne zuciyar maganar take, don haka bari in ɗan daɗe a kai.

Gangaren dutse ba ya riƙe ƙasa. Ruwan sama guda ɗaya mai ƙarfi ya isa ya wanke ƙasar noma ya kai ta ƙorama, ya bar manomi da tsurar fa. Dabarar da mutanen Sukur da maƙwabtansu suka yi ita ce su mayar da gangaren matakala. Ana tsinto duwatsu a jera su katanga, babu siminti, babu laka, dutse ne kawai ake ɗora wa ɗan'uwansa har ya zauna daram. Bayan katangar ƙasa takan taru ta yi shimfiɗa. Sama da ita a sake wata katangar, sama da wannan a sake wata, har dutsen gaba ɗaya ya zama hawa-hawa. Wata matakalar faɗinta bai wuce taku biyu ba, layin dawa ɗaya ko biyu take ɗauka. Idan ruwa ya sauko, kowace katanga sai ta karya masa gudu, ya tsaya ya nutse a ƙasa maimakon ya kwashe ta. Rarar kuma ta tsiyaye ta tsakanin duwatsun zuwa matakala ta ƙasa.

Ka dubi manomi a ƙarshen rani, kafin ruwan farko. Ba shuka yake fara yi ba. Bin katangun gonarsa yake ɗaya bayan ɗaya. Inda akuya ta ture dutse, ya mayar. Inda daminar bara ta ɓarke katanga, ya durƙusa ya rushe wurin, ya zaɓi manyan duwatsu ya kafa a ƙasa, ya juya wannan ya gwada, bai zauna ba, ya sake juyawa, ya cusa ƙanana a ramukan da suka rage, sannan ya kwaso ƙasar da ta zube cikin kwando ya mayar da ita sama. Wannan aikin kowace shekara ne. Kakansa ya yi, ubansa ya yi. Ranar da aka daina, damina kaɗan ta isa ta mayar da gonar kufai.

Babu garmar shanu a nan, balle tarakta. Fartanya ce da hannu. Dawa da gero su ne abincin gida, ana haɗa su da wake da gyaɗa da gurjiya da kuɓewa. Damina takan kama daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba. Bishiyoyi irin su kuka da tsamiya da maɗaci ba a sare su barkatai, saboda kowace da amfaninta, kuma saiwarsu tana taya katanga riƙon ƙasa. Bayan girbi ana kai amfanin gona masussuka, wadda aka daɓe ta sumul, a casa, a sheƙe, a zuba a rumbu.

A ganina, duk wanda ke maganar zaizayar ƙasa da ƙarancin ƙasar noma a Arewa ya kamata ya je ya ga wannan. Ilimi ne cikakke, ko da ba a rubuta shi a littafi ba.

Gaskiya ne ana kiwon sa a cikin rami?

Gaskiya ne. A cikin gida ake gina wani ɗaki mai zurfi da dutse, ƙasansa ya nutse ƙasa da daɓen tsakar gida. A sa ɗan maraƙi a ciki, a riƙa kawo masa ciyawa da ruwa da dusa, ba ya fita kiwo. A haka zai yi ƙiba ya zama bijimi. Dalilin a fili yake: a wurin da kowane taku na ƙasa gona ne, ba a sakin sa ya yi yawo ya tattake katanga ya cinye shuka. Ga kuma taki. Kashin da ya taru a ramin shi ake kwashewa a kai gona, kuma da shi ne ƙasar da aka noma shekara da shekaru ba hutu take ci gaba da bayarwa.

Sa a Sukur dukiya ce da mutunci. Yana shiga maganar aure, kuma mai gidan da ya kiwata nasa har ya yanka a lokacin biki, ya raba nama ga dangi da surukai, ya fita kunya.

Wane ne Hidi?

Hidi shi ne sarautar Sukur, kamar yadda muke cewa Sarki ko Lamiɗo ko Shehu. Sarautar tana gidan Dur, kuma ana jin wannan gidan ya kafu tun wajen ƙarni na 17. Labarin baka yana danganta asalinsu da Gudur, wani wuri da ke cikin Kamaru a yau, wanda al'ummomi da yawa na duwatsun Mandara suke girmamawa a matsayin tushe.

Hidi ba sarkin yaƙi ba ne irin wanda ke fita da dubban dawaki ya ci garuruwa. Ƙarfinsa ya taso ne daga abu biyu: matsayinsa a al'adun gargajiya, da kuma riƙon da ya yi wa cinikin ƙarfe. Yana da masu sarauta da ke taya shi, kowanne daga zuriyarsa, wani aikinsa shari'a da sasanci, wani kula da wuraren bauta, wani hidimar fada. Sunan Sukur ya yi nisa tun da daɗewa. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya ji labarinta a 1851 lokacin da ya ratsa ƙasar Margi kan hanyarsa ta zuwa Yola, ya kuma rubuta cewa sarkinta mai ƙarfi ne, duk da cewa bai hau dutsen ba.

Fadar Hidi da dutse aka yi ta. Babbar katanga ce ta kewaye gidan, da ƙofofi da yawa, wasu an kafa musu dogayen duwatsu a gefe kamar dogarai. Kowace ƙofa da ƙa'idarta da wanda ya isa ya bi ta. A ciki akwai ɗakuna da rumbuna da wurin sa, da kufan sashen matan sarakunan da. A waje akwai fili da kujerun dutse inda ake zaman fada da shari'a. Kada mai ziyara ya sa ran ganin soro da zanen bango irin na fadar Zazzau ko Kano. Kyan wannan fadar yana cikin yadda dutse ya hau dutse ya zauna ƙarni bayan ƙarni babu abin da ya liƙe shi.

Wa ya shimfiɗa hanyar dutsen da ake hawa?

Kakanninsu. Hanyoyi ne da aka daɓe da faffaɗan duwatsu tun daga ƙasa har fada, a wasu wuraren faɗinsu ya kai mita 5 zuwa 7, inda gangare ya yi tsanani kuma aka yi su matakala. A bakin tsofaffi akwai labarin wasu ƙattai biyu da aka ce su suka ɗauko manyan duwatsun fada. Labarin yana nuna yadda jikoki suke jinjina aikin. Hannun mutane ne dai ya yi shi, ta hanyar aikin gayya da unguwanni suke yi wa sarki, kuma da gayya ake gyara shi.

Ƙauye ba ya daɓe hanya mai faɗi haka don masu zuwa ɗiban ruwa. Hanyar tana gaya maka cewa akwai lokacin da baƙi da dabbobin kaya suke hawa da sauka a nan.

Me ya sa ake yawan haɗa sunan Sukur da ƙarfe?

Saboda ƙarfe ne ya ɗaga ta. Kafin zuwan ƙarfen Turawa, Sukur tana cikin manyan wuraren narkar da tama a wannan yanki, kuma ƙarfenta yana kaiwa har Borno.

A wancan zamani, tamar tasu ba haƙo ta ake yi a rami ba. Baƙin yashi ne mai nauyi da ruwan sama ke wankowa daga jikin duwatsu ya tara a ƙoramu. Bayan an ɗauke ruwa sai a bi ƙorama a kwashe shi, a wanke a rairaye, farin yashi ya tafi, baƙin ya zauna. Aikin nan mata da yara suna da babban hannu a cikinsa. Maza kuma su shiga daji su sari itace su ƙona gawayi. Da rani, bayan an gama da gona, sai a tayar da murhu.

Murhun na yumɓu da dutse ne, ana jingina shi da gangare. Abin da ya bambanta irin na duwatsun Mandara da na sauran wurare shi ne, iska daga sama take shiga. Mai zuga yana zaune a bisa murhun da zugazugai biyu, wani dogon bututun yumɓu kuma ya sauka daga wurinsa zuwa cikin wutar. Ana zuba gawayi da tama, yana bugawa, hannun dama, hannun hagu, ba tsayawa, in ya gaji wani ya karɓa. Bakin bututun yana narkewa a hankali saboda zafi, ƙarfen kuma yana taruwa a ƙasa yana yin curi. In an fasa aka ciro curin, sai a farfasa shi a ware ƙarfe daga kashinsa, a kai wa maƙeri ya sake gasawa ya daka ya mayar da shi sanda.

Wani abu da ya keɓanta ga Sukur: narkar da tama ba ta maƙera kaɗai ba ce. Manoma ma suna yi, gida-gida, shi ya sa abin ya yi yawa har ya wuce bukatar gari. Ƙira ita ce ta zuriyar maƙera, waɗanda suke aure a tsakaninsu, matansu kuma su ne maginan tukwane. Sandunan ƙarfen nan sun zama kamar kuɗi. Da su ake sayen hatsi da dabbobi, da su ake biyan dukiyar aure. A da akwai kasuwar ƙarfe a garin, fatake suna zuwa da gishiri da kanwa da busasshen kifi da tufafi, su sauka da ƙarfe. Hidi yana ba su kariya, yana kuma samun rabonsa. Ka ga ke nan ƙauyen da ƙasar nomansa ba ta da yawa ya samu hanyar ciyar da jama'a fiye da abin da gonakinsa za su iya.

To me ya kashe sana'ar?

Ƙarfen waje. Da motoci da jirgin ƙasa suka shigo, tsofaffin ƙarafa suka cika kasuwanni da araha. Maƙeri ya ga zai sayi guntun ƙarfen mota ya ƙera fartanya ba tare da jiran wanda zai yi makonni yana tara yashi da gawayi ba. Daga shekarun 1950 sana'ar ta yi ta ja da baya har ta mutu. Kufan murahun suna nan a kusa da gidaje. Da ƙarfe ya faɗi, fatake suka daina hawowa, garin ya koma dogaro da noma kaɗai, kuma tun daga lokacin mutane suka ƙara yawan sauka ƙasa.

Wane ne Hamman Yaji, kuma me ya haɗa shi da Sukur?

Wannan babi ne mai ɗaci, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Hamman Yaji shi ne Bafulatanin da ya riƙe Madagali daga 1902, zamanin da yankin ke hannun Jamusawa. Ya samu bindigogi, ya kuma yi amfani da su wajen kai hari kan mutanen duwatsu, yana kama bayi yana kwashe dabbobi. Ba zargi ne na maƙiya ba. Shi da kansa ya sa aka riƙa rubuta masa abubuwan da yake yi a kullum daga 1912 zuwa 1927, kuma a cikin wannan kundin akwai lissafin hare-harensa, da adadin mutanen da aka kama da waɗanda aka kashe. Sunan Sukur ya fito a ciki ba sau ɗaya ba. An fassara kundin zuwa Turanci an buga shi a 1995.

Dutsen da ya kare su daga doki bai kare su daga bindiga ba. An kashe mutane, an tafi da mata da yara, wasu suka tsere zuwa wajen maƙwabtansu na Kapsiki har ƙura ta lafa. Turawan Ingila sun kama Hamman Yaji a 1927 suka fitar da shi daga yankin, ya rasu a 1929.

Na san akwai masu jin nauyin wannan magana saboda wanda ya aikata Musulmi ne mai sarauta. Ni ma Musulmi ne, kuma ban ga abin da ɓoye ta zai amfana ba. Farautar mutane a gonakinsu don a sayar ko a yi kyauta da su zalunci ne, ko wa ya yi shi. Jikokin waɗanda aka yi wa suna raye, ba su manta ba. Wanda ya san wannan tarihin zai fahimci abin da ya sa kalmomin raini da wasunmu ke jifan mutanen dutse da su suke yi musu ciwo fiye da yadda muke zato.

Idan yankin na Jamus ne a da, ta yaya ya zama Najeriya?

Bayan Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Farko, aka raba Kamaru tsakanin Faransa da Ingila. Madagali ta ɗan zauna a hannun Faransawa, sannan a farkon shekarun 1920 ta koma hannun Ingilishi a matsayin ƙasar amana, ana mulkinta tare da Arewacin Najeriya. A watan Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama. Arewacin Kamarun Ingila ya zaɓi Najeriya, ya shigo ranar 1 ga Yuni 1961 da sunan Lardin Sardauna. Daga nan Sukur ta bi Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, sai Adamawa a 1991. Layin iyaka ya raba dangi da maƙwabta, amma bai hana su cin kasuwa ɗaya da auratayya ba.

Wane addini suke bi? Akwai bukukuwa?

A yau akwai Kiristoci da yawa, akwai Musulmi, akwai kuma masu riƙe da addinin kakanni, musamman a sama. Sau da yawa za ka tarar da duka ukun a zuriya ɗaya. A addinin gargajiyarsu sun yarda da Ubangiji ɗaya Mahalicci, suna kuma girmama kakanni da wasu wurare a dutse da gindin bishiyoyi, inda ake yanka da zuba giyar dawa. Akwai tukwane na musamman da ake ajiyewa a gida saboda wannan. Kowace zuriya da maƙabartarta a cikin duwatsu, kabarin kuma da dutse ake rufe shi.

Bukukuwansu suna bin kalandar noma. Wanda ya fi suna shi ne Yawal, bikin Hidi, da ake yi da rani wajen watan Fabrairu, inda sarki ke fitowa cikin ado da kaɗe-kaɗe jama'a su taru daga sama da ƙasa. Akwai kuma Ber, bikin shigar samari sahun manya. Yaran da suka yi shi tare sukan zama sa'o'in juna har tsufa, kuma wannan zumuncin yana aiki ranar gayya da ranar makoki.

Me ya sa UNESCO ta zaɓe ta?

A 1999 UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Ita ce ta farko a Najeriya. Kurmin Osun da ke Osogbo ya biyo baya a 2005. Filin da aka keɓe ya kai kimanin hekta 764. Ba fada kaɗai aka duba ba, ba kuma wani gini guda ba. An ɗauki wurin dungurungum: gonakin matakala, hanyoyin dutse, rijiyoyi, ramukan shanu, murahun ƙarfe, maƙabartu, wuraren bauta, da mutanen da ke rayuwa a cikinsu. Binciken da masana irin su Nicholas David da Judy Sterner suka yi a can a shekarun 1990 ya taimaka wajen fito da darajar wurin. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce ke da alhakin lura da shi tare da gwamnatin jiha da masarautar.

Abin da nake so a gane shi ne, wannan ba irin kayan tarihin da ake kullewa a gilashi ba ne. Abin da duniya ta yaba aikin hannun manomi ne na kowace shekara. In ya sauka ya bar gonar, babu ma'aikacin gwamnatin da zai bi dubban katangu yana mayar da dutse.

Rikicin Boko Haram ya taɓa ta?

Ya taɓa ta sosai. A 2014 mayaƙan suka mamaye Madagali da Gulak da Michika, har Mubi. Jama'ar ƙasa da yawa suka hau duwatsu neman tsira, kamar yadda kakanninsu suka yi. Maharan sun kai har Sukur, suka ƙona gidaje da rumbuna, wutar ta taɓa har gine-ginen fada. An rasa rayuka da dabbobi da abincin shekara. Dutse ba ya cin wuta, don haka katangu sun tsaya, amma jinka da itace da abin da ke cikin ɗakuna sun tafi. Da sojoji suka ƙwato yankin a 2015 mutane suka koma suka sake ɗora jinka. An kuma sa Sukur cikin jerin shekarar 2018 na wuraren tarihi na duniya da ke bukatar agajin gaggawa, wanda wata ƙungiya mai zaman kanta da ke Amurka take fitarwa.

Yaya rayuwa take a can yanzu?

Rayuwar ƙauye ce, da daɗinta da wahalarta, sai dai dutse ya ninka wahalar. Duk abin da za a kai sama, buhun gishiri ne ko kwanon rufi, a ka ake ɗaukarsa. Mace mai naƙuda da ta samu matsala, ko tsoho da ciwo ya kayar, sai an sauko da su kafin a kai ga mota. Da rani ruwa yana ja baya a rijiyoyi, mata su yi sammako su yi layi. Saurayin da ya yi karatu a Mubi ko Yola yakan yi tunani biyu kafin ya koma ya rungumi fartanya a gonar da ba ta fi faɗin tabarma ba. Ba na ganin laifin wanda ya sauka. Kowa yana son makaranta kusa da ɗansa da asibiti kusa da matarsa.

Duk da haka garin bai watse ba. Ana gayya, ana biki, ana kai ƙara gaban Hidi, waɗanda ke birni suna dawowa lokacin Yawal. Bukatarsu ba ta wuce ta kowane ƙauye ba: tsaro, ruwan sha, malamai da za su zauna, ɗakin shan magani mai magani a ciki. Idan aka samar da waɗannan a sama, an yi wa gonakin matakala hidimar da ta fi kowane allon sanarwa.

Mutum zai iya kai ziyara? Me ya kamata ya sani?

Zai iya, amma maganar tsaro ce a gaba. Yankin Madagali yana maƙwabtaka da Gwoza da dajin Sambisa, kuma hali yana canzawa. Kada ka kama hanya sai ka tuntuɓi hukumomin jiha da mutanen yankin a kwanakin da za ka tafi, ka kuma samu ɗan gari ya raka ka.

Lokacin da ya fi sauƙi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, an ɗauke ruwa, zafi bai sauko ba, ko da yake ƙurar hunturu takan rufe hangen nesa. Mai son ganin matakalan sun yi kore shar sai ƙarshen damina, amma dutse yana santsi a lokacin. Hawan da ƙafa ne, don haka a fara da sassafe, a sa takalmi mai riƙe ƙasa, a ɗauki ruwa isasshe da rigar sanyi idan za a kwana.

In ka isa, fada za ka fara zuwa ka yi gaisuwa, kamar yadda za ka yi a kowane gari mai sarki. Kada ka bi ta ƙofar da ba a nuna maka ba. Kada ka ɗauki hoton mutum ko wurin bauta ko kabari sai ka nemi izini. Tukunyar da ka gani a gindin dutse ko bishiya, ka bar ta inda take, haka guntun ƙarfe ko bututun yumɓu a bakin tsohon murhu. In kana ratsa gona, ka bi turba, kada ka taka bakin katanga, domin dutsen da ƙafarka ta ture wani ne zai durƙusa ya mayar da shi kafin ruwa ya sauka.